Daga Wuri zuwa Marfin Kwalba: Yadda Yaran Hausawa Suka Koyi Tarawa

A shekarar 1851 Bajamushen nan mai yawon bincike, Heinrich Barth, ya yada zango a Tasawa, cikin ƙasar Nijar ta yau, kan hanyarsa ta zuwa Kano. Cikin abubuwan da ya rubuta game da garin har da wahalar ƙirga wuri. A bakin teku shirya shi ake yi a zare, amma a ƙasar Hausa a zube yake, sai an bi shi da yatsa. Mai ƙirga yakan zauna ya riƙa jan biyar-biyar, ya tara tsibi-tsibi na ɗari biyu ko na dubu, kafin a ɗura dubu ashirin a keso guda. A Kano ta wancan lokaci wuri 2,500 ne daidai da dalar azurfa ɗaya.

Yaron da ya tashi a irin wannan kasuwa bai taɓa haɗuwa da lamba tsirara ba. Kullum tana zuwa masa ne da labarinta: inna ta ba shi wuri kaza, ta ce ya sayo daddawa da gishiri, ya dawo da saura. Abin da makaranta ke kira lissafi cikin zance ke nan, kuma a nan kuskure yana da sakamako, domin idan saura bai cika ba akwai mai tambaya a gida.

Dandali ma yana da nasa darasin. 'Yan mata masu carabke sukan cilla dutse sama su kwashe na ƙasa ɗai-ɗai, sannan bibbiyu, sannan uku-uku, kuma duk wadda ta kasa lissafa abin da ya rage mata, ƙawayenta za su lissafa mata da ƙarfi. Dara kuwa gurabe talatin gare ta, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu, wanda ya jera uku ya ci ɗaya na abokin karawarsa. Wasan manya ne, amma yaran da ke tsugune a gefe su ne suka fi kowa saurin faɗin nawa aka ci, nawa suka saura.

A zauren malamai akwai wani lissafin mai zurfi. Rabon gado yana buƙatar sanin rabi da sulusi da sudusi da sumuni, kuma kowace mas'ala labari ce: mutum ya rasu ya bar mata da 'ya'ya kaza. Wani malamin Katsina, Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a kan yadda ake tsara hatimi. Hatimi mafi ƙanƙanta gidaje tara ne, aka zuba ɗaya zuwa tara, ta ko'ina aka haɗa layi sai a sami goma sha biyar. Har gobe da wuya a sami wasan tarawa da ya fi wannan kama hankalin yaro ɗan shekara bakwai.

Zuwan Turawa ya sauya kuɗin, ya kuma ƙara wa lissafin sarƙaƙiya. An hana shigo da wuri a 1904, kwabo da anini masu huda a tsakiya suka fara yawo. Anini goma ne kwabo, kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam. A tsakani ga ahu, kwabo ɗaya da rabi. Ga taro, kwabo uku. Ga sisi, shida. Ga nai, tara. Yarinyar da ke tallar ƙosai ta san taro da sisi nai ne, in an ƙara taro ya zama sule, ba tare da ta taɓa riƙe alli ba. A ƙetaren iyaka kuma, yaron Maraɗi har yau da dala yake ƙirga sefa, kowace dala tamma biyar, don haka ninkawa da biyar abincinsa ne na yau da kullum.

Lissafin allo da alli ya shigo tare da makarantar da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. Da Hausa ake koyarwa, kuma manufar a bayyane take: baitulmalin En'e na buƙatar malaman da za su riƙe littafin haraji da jangali. Daga nan lamba ta fara rabuwa da labarinta, ta koma jeri a kan allo.

Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, sule ya koma kwabo goma, lissafin kuɗi ya yi sauƙi. A 1976 shirin ilimin firamare kyauta ga kowa ya cika azuzuwa maƙil, malamai suka yi ƙaranci, haddar baki ta zama hanyar da ta fi sauƙi. Duk da haka malaman ƙananan azuzuwa masu himma ba su saki tsohuwar dabara ba: sukan sa yara su zo da marafan kwalba da tsinken tsintsiya da tsakuwa don ƙirga. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshensa, amma littattafai da jarrabawa suka ci gaba da zuwa da Turanci. Nan ne gizo yake saƙa. Yaron da ke ba da canji daidai a bakin titi sai ya tsaya cak a gaban tambayar lemo uku da lemo huɗu, a ce ba ya jan lissafi, alhali jimlar ce bai gane ba.

Wannan ba kirari ba ne ga talla. Bincike irin wanda Enid Schildkrout ta yi a cikin birnin Kano a shekarun 1970 ya nuna yadda sana'ar matan kulle ta dogara da ƙafar yara, kuma 'yan mata da yawa sun biya wannan ƙwarewa da karatunsu. Abin ɗauka shi ne hanyar: abu a hannu, labari a kunne, da abokin wasa mai gardama.

Shirye-shiryen zamani ma nan suka dawo. Shirin RANA a Katsina da Zamfara ya saka lissafi cikin gajerun labarai na Hausa da malami ke karanta wa aji. Tsarin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ƙirƙiro, wanda aka gwada a Borno, yana sa yara su zauna a ƙasa su ɗaure tsinke goma-goma, su yi ciniki da kuɗin wasa. Wasannin waya da kwamfuta suna da amfaninsu ga mai hali, sai dai yawancinsu ba sa jin Hausa.

Iyaye ba sa buƙatar jiran wani shiri. A zuba wa yaro gyaɗa ko marafan kwalba a faifai, a ce masa Ladi tana da biyar, kakarta ta ƙara mata uku, nawa ke nan? In ya amsa, a bar shi shi ma ya ƙirƙiro tasa tambayar ya yi wa babba.