Zainab ta Galma da Juliyet ta Berona

A shekarar 1933, lokacin da Dokta Rupert East na Hukumar Talifi ta Zariya ya bi garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da boko, abin da ya fito daga wannan yunƙuri littattafai biyar ne. Biyu daga cikinsu Katsina ta bayar, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, waɗanda suka cika da raha da jarunta. Amma wanda ya taɓa al'amarin soyayyar da ba ta kai gaci ba shi ne Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East kansa, kuma shi ne, a ganina, mafi ɗaci a cikinsu.

Turawa in ana zancen masoyan da ƙaddara ta raba, Romiyo da Juliyet suke ambata, wasan kwaikwayon Shakespeare da aka fara bugawa a 1597, wanda asalinsa hikaya ce ta Italiya da Arthur Brooke ya mayar waƙar Ingilishi a 1562. A can gaba ce tsakanin gidaje biyu na birnin Berona, yarinyar kuwa ba ta cika shekara 14 ba. Kuma ko da yake laifin iyaye a fili yake, abin da ya yanke hukunci daga ƙarshe wasiƙa ce da ba ta isa wurin Romiyo a Mantuwa ba, domin an tsare manzon a gida saboda tsoron annoba. Mai kallo yakan tashi yana cewa da wasiƙar ta isa da an tsira.

Mai karanta Jiki Magayi ba shi da wannan mafaka. Abubakar da Zainab suna son juna a garin Galma tun suna ƙanana, ba gaba, ba takobi, ba wani manzo da ya makara, sai dai wani attajiri, Malam Shehu, wanda Allah bai nufe shi da haihuwa ba, ya yi mafarki cewa in ya auri Zainab zai sami ɗa. Da mafarki ya shigo, amma da dukiya ya ci nasara, kuma duk wanda ya taɓa zama a dandali ya ji hirar samari, ya san wannan ba baƙon labari ba ne. Abubakar, maimakon ya ɗauki haƙuri, sai ya bar gari ya shiga uwa duniya yana neman asirin da zai lalata ɗan da ba a ko haifa ba.

A nan ne littafin ya yi zurfi, domin kuwa malamanmu na tauhidi, bisa tafarkin Imam Ash'ari, sun daɗe da karantar da cewa Allah ne mai halittar ayyuka, bawa kuma yana da kasabi wanda a kansa za a yi masa hisabi. To, marubutan nan biyu, duk da cewa ba almajiran zaure ba ne, sun gina labarin ta yadda kowace musiba za a iya nuna hannun da ya jawo ta. Mafarkin ya tabbata, an haifi ɗan, Kyauta, sai dai saboda asirin Abubakar ya taso ɓarawo, ya kunyata gidansu har ya bar gari, ya faɗa hannun miyagun abokai. Bayan shekaru, a wani dare na sata, ya kashe maigidan da suka shiga wa, bai san mahaifinsa ba ne.

Shakespeare ya kashe masoyansa suna ƙuruciya, ya kuma sulhunta iyayensu a bakin kabari. Tafida da East sun bar nasu a raye su girma da abin da aka yi musu: Abubakar ya ƙarar da ƙuruciyarsa a neman fansa, Zainab kuwa mijinta ya mutu a hannun ɗan da aka aure ta dominsa.