Ƙa'idojin ɗa'a wajen wallafa binciken ilimi

Ƙa'idojin ɗa'a wajen wallafa bincike sharuɗɗa ne da ake gindaya wa mai bincike kafin mujalla ta buga aikinsa: kada ya saci rubutun wani, kada ya ƙirƙiri alƙaluma, ya kuma bayyana wanda ya ɗauki nauyin aikin. Idan binciken ya shafi mutane, wajibi ne a nemi yardarsu da amincewar kwamitin ɗa'a, kamar yadda Sanarwar Helsinki ta tanada.

A Kano, maganar ba ta tsaya a takarda ba. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a kan yara kusan 200 a asibitin cututtuka masu yaɗuwa. Yara 11 sun rasu, wasu suka nakasa. Iyaye sun ce ba a faɗa musu gwaji ake yi ba. Daga baya aka gano cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, mai ɗauke da kwanan watan Maris 1996, bayan gwajin aka rubuta ta. Wannan ya fi komai muni, domin irin wannan takarda editoci da hukumomi ke dogara da ita. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2009 ya sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75.

A 2007 Nijeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa.