Daga Filin Tseren Jamus Zuwa Rairayin Babura: Tarihin Ƙarfen da Ke Hana Mota Kafewa

Duk wanda ya saba sauka daga kwaltar Kano zuwa Daura, ya kutsa ƙauyukan Roni da Gwiwa ko ya nufi rairayin Babura, ya san wannan abin takaici. A-kori-kura ta ɗauko buhunan gero ta kafe, direba ya taka totur, taya ɗaya ta baya tana juyawa tana watso ƙasa, ɗayar kuwa, wadda ke kan tsandauri, ko motsi ba ta yi. Akan ɗora laifin a kan inji ko direba, alhali yana cikin wani ƙullin ƙarfe da ke tsakanin tayoyin biyu, wato difaranshal. Maganin matsalar kuma ya yi kimanin shekara 90 da samuwa, a wurin da ba a zata ba: filin tseren motoci.

Difaranshal ya girmi motar fetur. A 1827 wani Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya ƙirƙiro shi domin motar tururi. Dalilinsa a fili yake. Idan mota ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki. A motar da ke da tazarar mita 1.5 tsakanin tayoyinta, kwana ɗaya irin ta mahaɗar titi tana sa ta waje ta zarce ta ciki da fiye da mita 2. Da a ce sandar ƙarfe guda ce ta haɗa su, da dole ɗaya ta riƙa jan ƙasa. Haƙoran giyar da ke cikin difaranshal su ke ba kowace taya damar juyawa da saurin da ya dace da ita.

Sai dai na'urar tana da wani irin adalci mai cutarwa. Kullum ƙarfi iri ɗaya take raba wa tayoyin biyu, kuma tayar da ta fi rashin madafa ita ke yanke yawan ƙarfin. Idan ta hagu tana kan rairayi mai laushi, ƙarfi kaɗan ya isa ya juya ta, don haka ta dama ma kaɗan ɗin za ta samu, ko da tana kan dutse.

Masu tsere ne suka fara jin zafin wannan sosai. A farkon shekarun 1930 Ferdinand Porsche ya zana wa kamfanin Auto Union na Jamus motar tsere mai silinda 16, injinta a bayan direba. Ƙarfinta ya kai ga tayar baya tana zamewa a kan kwalta ko da motar na gudun kilomita 160 a awa. A kwana abin ya fi muni, domin nauyin mota yakan koma tayoyin waje, ta ciki ta yi sakayau ta fara juyawa a banza, daidai lokacin da direba ke son ficewa da gudu. A 1935 Porsche ya nemi kamfanin ZF ya ƙera difaranshal mai taƙaita zamewa. Irin wannan yana barin bambancin da kwana ke buƙata, amma da zarar taya ɗaya ta nemi tsere wa 'yar'uwarta sai ya cije, ya tura ƙarin ƙarfi ga wadda ta riƙe ƙasa. A 1936 Bernd Rosemeyer ya zama zakaran Turai da motar Auto Union.

Yaƙin Duniya na Biyu ya kai dabarar cikin hamada. Ƙaramar motar sojan Jamus, Kübelwagen, tayoyin baya kaɗai ke ja, amma rashin nauyinta da na'urar ZF sun sa ta yi aiki a rairayin Arewacin Afirka. Bayan yaƙi Amurka ta shigar da dabarar kasuwa: Packard a 1956, Chevrolet a 1957 da sunan Positraction. Daga nan hanyoyi suka rarrabu. Akwai mai faifan kuloci da ke matse juna idan ƙarfi ya ƙaru. Akwai Torsen, wanda Vernon Gleasman ya yi wa rajista a 1958, mai aiki da haƙoran giya masu murɗiya kaɗai. Akwai kuma mai ruwan silikon mai kauri, wanda ke ƙara turjiya yayin da bambancin saurin tayoyi ya yi yawa.

Babbar jarrabawar waɗannan na'urori ta zo ne arewa da ƙasar Hausa. Tseren Paris zuwa Dakar, wanda Thierry Sabine ya kafa, ya fara tashi ranar 26 ga Disamba, 1978, ya bi ta Agadas da Yamai. Cikin motoci da babura 182 da suka tashi, 74 ne suka isa. Shekaru da dama hamadar Tenere ce matatar da ke tace gwani da ɗan koyo, kuma a can aka tabbatar cewa ƙarfin inji ba ya amfani sai ya isa ƙasa. Kamfanin Porsche ya ci tseren a 1984 da 1986 da motoci masu jan ƙafa huɗu, René Metge na riƙe da sitiyari. Peugeot, wadda 'yan Arewa suka sani ta hanyar 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, ta ci sau huɗu a jere daga 1987 zuwa 1990 da 205 da 405 samfurin T16. Motocin suna da difaranshal uku, gaba da baya da tsakiya, kuma an taƙaita zamewarsu. Rashin tsaro ya sa aka tsallake arewacin Nijar ta jirgin sama a 2000, aka soke tseren a 2008, ya koma Kudancin Amurka, sannan Saudiyya a 2020.

Na'urar ba ta zo kyauta ba. Idan ta cika cijewa, mota takan ƙi bin sitiyari a matsattsiyar kwana, tayoyi su ci da wuri. Shi ya sa injiniyoyin tsere ke daidaita ta gwargwadon fili, a tsananta a rairayi, a sassauta a kwalta. Motocin zamani da yawa kuma sun koma ga kwamfuta, wadda ke taka wa tayar da ke zamewa birki domin ƙarfi ya koma ɗayar.

Wannan tarihi yana da amfani ga jami'in da zai saya wa asibitin karkara motar ɗaukar marasa lafiya, da ɗan kasuwar da ke kwaso amfanin gona daga Gwiwa zuwa Kazaure. Rubutun jan ƙafa huɗu a jikin mota bai wadatar ba. Idan difaranshal na gaba da na baya duk sakakku ne, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya sun isa su kafar da ita. Tambayar da ta kamata a yi wa dillali ita ce ko na baya yana taƙaita zamewa ko yana da makulli. Bakanike na iya gwadawa: a ɗaga tayoyin baya biyu, a cire giya, a juya ɗaya da hannu. Idan ɗayar ta bi ta gefe guda, alama ce ta mai kuloci. Irin wannan yana da mansa na musamman, kuma faifansa na cinyewa, don haka tsohuwar motar da aka daɗe ana zuba wa kowane irin man giya tana iya rasa cizonta ba tare da mai ita ya sani ba, sai ranar da damina ta yanke hanya tsakanin ƙauye da asibiti.