Wa'adi da Adalci a Zaman Ɗaukaka Ƙarar Shiga Makaranta a Ingila

Tsakure

Maƙalar nan ta dubi wa'adodin da doka ta yanka wa ƙarar da iyaye ke ɗaukakawa a Ingila idan an hana ɗansu gurbi a makarantar da suka zaɓa, ta auna su da ma'aunin adalcin shari'a. Abin da ya bayyana shi ne, dokar ta ƙididdige kwanakin da ke gabanin zama, amma ta bar sa'ar zaman kanta ga ijtihadin shugaban kwamiti, kuma a nan ne haƙƙin mai rauni ya fi saurin salwanta.

Asalin haƙƙin da wa'adodinsa

Dokar makarantu ta 1998 ta ba iyaye ikon bayyana makarantar da suke so, ta kuma wajabta a buɗe musu hanyar ɗaukaka ƙara gaban kwamiti mai zaman kansa idan ba a biya musu bukata ba. Kwamitin ba ya kasa mutum uku, dole a samu wanda ya san harkar ilmi a cikinsu da wanda ba ma'aikacinta ba, tare da magatakarda mai rubuta abin da ya gudana. Kundin ƙa'idojin da ake bi ya fito a 2012, aka sabunta shi a Oktoba 2022, aka tabbatar da halaccin zama ta bidiyo, wanda lalurar annoba ta fara jawowa a 2020.

Ana sanar da guraben sakandare ranar 1 ga Maris, na firamare kuwa 16 ga Afrilu. Daga nan iyaye na da aƙalla kwana 20 na karatu su shigar da ƙara, a ba su sanarwar kwana 10 kafin zama, a saurare su cikin kwana 40 daga rufe karɓar ƙararraki, sannan a aika musu da hukunci cikin kwana 5 in hali ya yi, dukansu kwanakin karatu ne.

Sa'ar da ba a ƙididdige ba

To amma duk da wannan ƙididdiga, kundin bai faɗi minti nawa za a ba uba ko uwa a gaban kwamiti ba. Iyakar abin da ya shardanta shi ne a bar kowane ɓangare ya gabatar da hujjarsa ba tare da an yi ta katse shi babu dalili ba, kuma kada a yi aiki da takardar da ɗaya ɓangaren bai gani ba. Tun da yake makarantar da ake rububi takan tara ƙararraki masu yawa, kuma an fi son kwamiti guda ya saurare su duka, ba shi kuwa da ikon yanke wa kowa hukunci sai ya ji na ƙarshe, alhali mambobinsa 'yan sa kai ne masu nasu hidimomin, sai jadawali ya zama shi ne alƙalin da ba a naɗa ba. A ɗauka an sami ƙara 40, aka ba kowace minti 20: an ci sa'a 13 da ɗoriya ke nan, ban da mataki na farko inda makaranta ke nuna cewa ƙarin ɗalibi zai cutar da karatun saura, ban da shawarar kwamiti.

Ra'ayina shi ne, raba mintuna daidai wa daida ba shi ne daidaita masu husuma ba. Wakilin hukumar makaranta ya saba da ɗakin, hujjarsa a rubuce take, ya maimaita ta har ta zauna masa a ka. Mahaifiya kuwa, wadda mai yiwuwa wannan ne karonta na farko da na ƙarshe, za ta yi bayanin ciwon ɗanta ko tsangwamar da ya sha ko mutuwar aurenta a gaban baƙin fuska, zuciyarta na dukan uku-uku, in ma da tafinta take magana to rabin rabonta ya tafi wajen juya zance. Hadisin Ummu Salama ya riga ya yi gargaɗi cewa wani kan fi wani iya tsara hujja, har hukunci ya karkata gare shi ba don gaskiya na wajensa ba.

Lamarin ya fi tsanani a azuzuwan ƙananan yara, inda doka ta hana malami guda ya riƙe fiye da 30. A can kwamiti ba ya auna bukatar yaro da cutuwar makaranta. Sai dai ya duba ko an saɓa ƙa'ida, ko kuwa hukuncin ya kai munin da babu hukuma mai hankali da za ta yanke shi, ma'aunin da ya samo asali daga shari'ar Wednesbury ta 1948. Iyayen da ba a fahimtar da su wannan tun da wuri ba sukan ƙarar da ɗan lokacinsu kan nisan hanya da wahalar kai yaro, su fita ba su taɓa abin da kwamiti ke da ikon dubawa ba.

Izari da ajali

Fuƙaha'u sun daɗe da sanin wannan matsala. Wasiƙar Sayyidina Umar zuwa ga Abu Musa al-Ash'ari ta yi umarni da daidaita mutane a fuska da majalisi, ta kuma ce a yanka ajali ga mai da'awar shaidar da ba ta kusa. Malikawa, kamar yadda yake a Tuhfa ta Ibn Asim, sun danƙa tsawon ajali ga ijtihadin alƙali, amma ba su sake masa linzami ba, domin sun ɗaure shi da izari, wato kada ya zartar da hukunci sai ya tambayi mai husuma ko saura wata hujja. Kundin Ingila ya ba mai ƙara kalmar ƙarshe a jerin jawabai, abin yabo ne, sai dai taƙaita abin da aka faɗa daban yake da tambayar abin da ba a samu faɗa ba. Da za a wajabta wa shugaba wannan tambaya, magatakarda ya rubuta amsarta tare da lokacin farawa da gamawa, a kuma tsawaita rabon mai tafinta ko mai nakasa tun wajen tsara jadawali bisa ruhin dokar daidaito ta 2010, da an toshe ɓaraka babba da kuɗi kaɗan.

Muhimmancin rubutun magatakarda yana fitowa ne idan an kai kuka. Jami'in sauraron koke-koken ƙananan hukumomi, ko Ma'aikatar Ilmi in makarantar ba ta ƙarƙashin ƙaramar hukuma, ba su da ikon soke hukuncin kwamiti. Suna duba yadda aka tafiyar da zama ne, kuma bayanan magatakarda su ne madogararsu, don haka uwar da aka gaggauta ba a rubuta ba, ba ta da bayyina. Ko da ta yi nasara, abin da za ta samu shi ne sabon zama gaban sabon kwamiti, wanda yana iya faɗowa bayan an koma karatu a Satumba, yaro ya riga ya sa kayan wata makaranta ya fara sabawa da abokai.