Kano zuwa Abuja ta sama: nisa, lokaci da abin da tikiti ba ya faɗa

Tsakanin filin jirgin sama na Malam Aminu Kano da na Nnamdi Azikiwe da ke Abuja akwai nisan kimanin kilomita 365 a miƙe. A kan tikiti ana rubuta na farko KAN, na biyu kuma ABV. Filin Kano shi ne mafi daɗewa a Najeriya, domin tun 1936 yake aiki.

Lokacin tafiya

Kamfanonin jirage sukan ware kusan awa ɗaya ga wannan tafiya, amma zaman jirgi a sararin sama bai cika wuce minti 45 zuwa 50 ba. Ragowar lokacin yana tafiya ne wajen gangarawa zuwa titin tashi, jiran izini daga hasumiya, da komawa wurin tsayawa bayan sauka. Saboda kusancin biranen biyu, jirgi ba ya daɗewa a ƙololuwar gudunsa kafin ya fara yin ƙasa.

Sai dai awa ɗayar ba ita ce dukan tafiyar ba. Ana son fasinja ya isa fili awa ɗaya zuwa biyu kafin tashi, sannan daga filin Abuja zuwa tsakiyar birni akwai kusan kilomita 40 a mota. Idan aka haɗa, daga ƙofar gida zuwa masauki yakan ci awa uku zuwa huɗu. A lokacin hunturu kuwa, hazo yakan rage gani har a jinkirta tashi ko a soke shi.

Haƙƙin fasinja

Ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, NCAA, sun tanadi cewa a tafiyar cikin gida, idan jinkiri ya kai awa biyu a ba fasinja abin taɓawa. Idan ya wuce awa uku, yana da ikon neman a mayar masa da kuɗinsa.

Wanda ba shi da kuɗin jirgi fa?

Ta mota tafiyar ta haura kilomita 400, ta Zariya da Kaduna, kan titin da aka ba da kwangilar sake gina shi tun 2017 amma aikin ya yi ta jan ƙafa. Garkuwa da mutane tsakanin Kaduna da Abuja ta tura jama'a zuwa jirgin ƙasa, shi ma aka kai masa hari ranar 28 ga Maris, 2022, ya tsaya cik har Disamba.

Wannan ne ya mayar da jirgin sama mafakar mai hali. Kuɗin zuwa kaɗai yakan haura mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Masu yanke hukunci kan titin suna ratsa shi ta sama cikin minti 50, talakan da ya zaɓe su kuwa yana shafe wuni a kansa.