Ƙasusuwan Gadufawa da Yaran da Ba a Ba Su Labari Ba

Yaron firamare a Kano ko Maraɗi da ya san dainoso, galibi a talabijin ya san shi ko a wayar yayansa: dodo mai ƙananan hannuwa yana bin Turawa da gudu. Tun fim ɗin Jurassic Park na 1993 wannan hoto ya zauna a zukatan yara, har suka ɗauka dabbar ta Amurka ce, ko kuwa ƙagaggiya ce ta 'yan fim. Alhali kuwa wasu daga cikin ƙasusuwan dainoso mafi cika da aka tono a Afirka, daga jihar Agadas aka ɗebo su. A ganina kuskure ne mu bar yaranmu su fara sanin waɗannan halittu ta hanyar fim, tun da tarihin gano su a ƙasarmu ya faru, kuma daga nan ya kamata darasin ya soma.

Gadufawa wani fili ne na rairayi da duwatsu a gefen hamadar Tenere, kudu maso gabas da Agadas. Abzinawa makiyaya sun daɗe suna ganin manyan ƙasusuwa da suka zama dutse a irin waɗannan wurare, iska na tone su tana kuma rufewa. Bature na farko da ya bi sawunsu da gaske shi ne Albert-Félix de Lapparent, limamin Kirista ɗan Faransa, wanda ya yi ta zagaya Sahara tsakanin 1946 da 1959. Amma abin da ya buɗe Gadufawa sosai neman yuraniyam ne. Ma'aikatan hukumar makamashin nukiliya ta Faransa, suna cikin binciken ma'adinai, suka ci karo da ƙoƙon kan wani ƙaton kada a 1964, aka aika da shi Paris, aka sa masa suna Sarcosuchus a 1966. Tsawon wannan kada ya kai mita 9 ko fiye. A 1965 wani matashin masani, Philippe Taquet, ya isa wurin, ya tono dabbar da daga baya aka kira Ouranosaurus nigeriensis, mai cin ganye, mai dogayen ƙasusuwa a tsaye a gadon baya. Ƙwarangwal ɗinta ɗaya yana gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, wani kuma yana birnin Benis na Italiya.

Daga 1993 sai Paul Sereno na Jami'ar Shikago ya shigo da tawagarsa. A kusa da Ingal suka tono Jobaria, mai dogon wuya, wadda aka raɗa wa suna daga Jobar, wata halitta ta cikin almarar Abzinawa. A Gadufawa suka sami Suchomimus, mai dogon baki, mai cin kifi, da kuma Nigersaurus. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a dube ta. Tsawonta kamar mita 9 ne, bakinta mai faɗi ne a miƙe kamar bakin shebur, haƙora kuwa fiye da 500, jere bayan jere, wanda ya zaizaye ya faɗi na bayansa ya maye gurbi. Kai a sunkuye take kiwo, tana sharar tsirrai daga ƙasa. Yaron da ya taɓa bin shanu ba ya bukatar dogon bayani kafin ya gane wannan dabba, kuma shi da kansa zai tambaya: wace ciyawa ta ci a Tenere? Amsar ita ce shekara wajen miliyan 110 da suka shige wurin koguna ne da dausayi. Abin takaici, wannan tambaya yaran Shikago da Paris ne suka fi samun damar yin ta, domin can aka kai ƙasusuwan aka yi nazari, can aka rubuta littattafan, da Ingilishi da Faransanci.

Najeriya ma tana da nata rabo. A ƙasar Sakkwato an tono Goronyosaurus, wadda aka sa wa sunan Goronyo a 1972. Ita ba dainoso ba ce, ƙadangaruwar teku ce da ta yi zamani da su, lokacin da wani reshen teku ya ratsa inda Sahara take yanzu ya rufe yankin. Dutsen farar ƙasa na Kalambaina, wanda ake sarrafawa a yi siminti, a gindin ruwan teku ya taru, shi ya sa ake samun ɓawon dodon koɗi da makamantansa a cikinsa. Ke nan malamin firamare a Sakkwato yana da abin da zai ɗora wa ɗalibi a tafin hannu.

Wasu iyaye za su ce wannan ilimi ƙofa ce ta shigar da yara cikin maganar da ta saɓa wa addini. Damuwarsu ta gaskiya ce, bai kamata a yi mata dariya ba. Sai dai ƙashin da ya zama dutse abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa, kuma malaman Musulunci sun yi magana a kansa tun kafin Turawa su kafa fannin. Ibn Sina, a littafinsa Kitab al-Shifa, ya tattauna yadda jikin dabba ko tsiro ke rikiɗa ya zama dutse. Al-Biruni ya lura da duwatsu da ƙasar kwarin Indiya, ya yanke cewa wurin teku ne a da, laka ta cike shi. Ba wanda ya ce sun bar addini saboda haka. Alƙur'ani kansa ya yi umarni da tafiya a bayan ƙasa da duban halitta. Yaron da aka ɓoye masa ƙashin zai gamu da shi wata rana a intanet, daga bakin wanda bai damu da imaninsa ba. Gara ya fara jin labarin a gida, daga malamin da ya san shi.

Akwai kuma masu cewa makarantar da ba ta da benci da alli ina ruwanta da dainoso. Gaskiya ne benci ya fi gaggawa. Amma wannan darasi ba ya cin kuɗi. Igiya mai tsawon mita 9 da aka shimfiɗa a filin makaranta, yara su kwanta a gefenta a ƙirga mutum nawa ke cika tsawon kadan Gadufawa, ta koyar da awo da ƙirga a zama ɗaya. Ganyen da aka danna a yumɓu aka bari ya bushe yana nuna yadda siffa ke wanzuwa bayan mai ita ya shuɗe. Shekara miliyan 110 kam ba ta shiga kan ɗan shekara shida, manya ma da ƙyar, amma ba dole ne a fara da lamba ba. Ya isa ya san cewa an yi kada kafin a yi rairayi, an yi teku kafin a yi Goronyo.

Abin da ya rage aikin marubuta ne da hukumomin ilimi. Sereno da hukumomin Nijar sun daɗe suna maganar dawo da ƙasusuwan da gina musu gidajen ajiya a Yamai da Agadas, kuma gini irin wannan yana ɗaukar shekaru. Ƙaramin littafi mai zane, da Hausa da Tamashek, mai bayanin Nigersaurus da Jobaria da kadan Gadufawa, ba ya bukatar jiran ginin, kuma ma'aikatun ilimi na Najeriya da Nijar suna da ikon buga shi bana.