Tarihin Bulon Tanderu: Daga Yumɓu zuwa Magnesiya

Bulon tanderu shi ne wanda ake jerawa a cikin tanderun narka ƙarfe ko gilashi ko ƙona siminti, domin ya tare wutar da za ta narkar da bulon gini cikin ɗan lokaci. Asalinsa yumɓu ne. Da shi maƙera a zamanin baya suke gina murhun narka tama, kuma da shi masana'antun Turai suka fara. A Ingila, yumɓun garin Stourbridge ya yi suna tun ƙarni na 17, masu yin gilashi suna ƙera tukwanensu da shi saboda ba ya tsagewa da wuri.

Da tanderu suka ƙara girma da zafi, sai yumɓu ya gaza. Wajen 1822 William Weston Young ya niƙa dutsen silika na Dinas a kudancin Wales, ya haɗa da 'yar farar ƙasa kaɗan don ta riƙe shi, ya gasa. Bulon da ya fito yana ɗaukar nauyi ba tare da lanƙwasa ba har kusa da inda silika ke narkewa, wajen digiri 1,700. Ya karɓu sosai, har yau da Rashanci "dinas" ake kiran bulon silika.

Babban sauyin ya zo ne ta hanyar wata matsala. A 1856 Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe don a sami sitil mai araha. Masu masana'antu suka sayi izini, amma da yawansu suka sami ƙarfe mai karyewa kamar kasko idan ya huce. Laifin na sinadarin fosforas ne da ke cikin yawancin tamar Turai. Farar ƙasa tana iya kama fosforas ta tura shi cikin kashin ƙarfen da ke tasowa a sama, sai dai ita da silika ba sa ga maciji: da an zuba ta, sai ta cinye bangon tanderun da aka yi da silika.

Wanda ya warware wannan ƙulli magatakarda ne a wata kotun 'yan sanda a Landan, Sidney Gilchrist Thomas, wanda ke karatun kimiyya da dare bayan ya tashi aiki. Ɗan uwansa Percy Gilchrist yana aikin gwajin sinadarai a masana'antar Blaenavon, can suka riƙa gwaji a ƙaramin tanderu. Shawararsu ita ce a sauya bangon kansa, a yi shi da abin da ya yi jinsi ɗaya da farar ƙasa. Dutsen dolomait aka ƙona da wuta mai tsanani, aka niƙa, aka kwaɓa da kwalta mai zafi maimakon ruwa, don ƙonannen dolomait yana kumbura ya ruɓe da ya sha danshi. Thomas ya sanar da sakamakon a 1878, aka nuna shi a babban tanderu a Middlesbrough a 1879. Tamar yankin Lorraine, wadda aka raina saboda fosforas, ta zama dukiyar da Jamus da Beljiyam suka gina masana'antu a kanta. Kashin ƙarfen ma bai tafi banza ba, niƙa shi aka yi ya zama taki. Abin tausayi, Thomas bai daɗe ba, ya rasu a 1885 yana da shekara 34.

A 1881 aka gano dutsen magnesait a Veitsch ta ƙasar Ostiriya. Magnesiya da ake samu daga gare shi ba ta narkewa sai wajen digiri 2,800, kuma ta fi dolomait jure ajiya. Daga shekarun 1970 aka fara haɗa ta da garafait, wanda ke hana narkakken kashin ƙarfe shiga jikin bulon, ya kuma rage tsagewa idan zafi ya sauya farat ɗaya.

Tun zamanin Thomas, mai zaɓen bulo yakan fara tambayar abin da zai taɓa bangon kafin ya tambayi yawan zafi. Shi ya sa silika ta ci gaba da aiki a rufin tanderun gilashi da ɗakunan gasa kwal, magnesiya ta riƙe tanderun sitil da wurin da ya fi zafi a tanderun siminti, bulon yumɓu kuwa yana nan a sassan da wuta ba ta kai tsanani ba.